Rasitan Gidan Burodi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Littafin nan na saye shi ne don lissafin buhunan fulawa, amma yau ba fulawa zan rubuta ba. Ba ni da wanda zan gaya wa, to bari in gaya wa takarda, ita dai ba ta kai tsegumi.

Mutum biyu suka zo daga ofishin haraji ana tsakiyar fitar da burodin rana. Da ladabinsu kuwa, har da tambayar ya aiki. Suka miƙo mini takarda wai gidan burodina shekara uku bai biya haraji ba, ko sisi. An ba ni kwana ashirin da ɗaya: ko in kawo shaidar na biya, ko in biya duka har da tara, ko su sa kwaɗo a ƙofa, kuma ba za a sabunta mini lasisi ba.

Dariya na yi, wallahi. Na ce, "Samari, kun yi ɓatan kai. Ni ce ba na biyan haraji? Shekara goma sha tara ina gidan nan, kuɗin shara ma ban taɓa bari ya kwana ba." Babban cikinsu ya ce, "To Hajiya, ai da sauƙi. A kawo rasit kawai."

Rasit kam akwai shi. Suna nan cikin gwangwanin biskit a kan ginin da ke bayan babban tanderu, inda Marigayi maigidana ya koya mini ajiye takarda, don wajen ba ya yoyo, ɓera kuma ba ya iya zama saboda zafi. Ƙanina Akawu shi ke zuwa biya duk bayan wata uku. Gobe in ya zo sai mu haɗa su in kai musu, in ga ta inda za su fara ba ni haƙuri.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na sa Malam Dogo, shugaban masu kwaɓi, ya sauko mini da gwangwanin. Na buɗe. Inna lillahi.

Takardun suna nan a nannaɗe, guda ashirin cif, na shekara biyar. Babu rubutu a jikin ko ɗaya. Fari fat, wasu sun ɗan yi ruwan ƙasa a gefe. Na juya gaba, na juya baya, na ɗaga wa rana kamar mai duba kuɗin jabu. Dogo yana tsaye da kwaɓi har gwiwar hannu, ya ce, "Hajiya, ko aljanu ne suka lashe?" Na ce ya wuce ya kama aikinsa kafin in lashe shi ni ma.

Akawu bai zo ba. Wai ciwon kai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mai kemis ɗin kusa da mu ya kwatanta mini wata mata mai ba 'yan kasuwa shawara kan haraji da takardun gwamnati. Malama suke ce mata. Ofishinta na saman wani shagon tayoyi, ɗaki ɗaya da benci a waje. A bencin na tarar da mai walda, da mai kiwon kaji, da wani mai gidan buga katin aure, kowa rungume da fayil kamar masu jiran likita. Mai waldan ya ce shi takardar 'yan kwana-kwana ce ta kawo shi, mai kajin kuma ta likitan dabbobi. Ashe kowace sana'a da irin nata wutar.

Malama ƙarama ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, amma bakinta reza. Ta ɗauki rasit ɗaya, ta goga farce a kai, baƙin layi ya fito. Ta ce, "Hajiya, wannan takardar inji ce, ba tawada a jikinta. Zafi ne ke rubuta ta, zafi ne kuma ke goge ta. A ina kika ajiye?" Na faɗa mata. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta ce, "A kan tanderu."

Daga nan ta shiga jero mini tambayoyi. Kin yi musu fotokwafi? A'a. Ta banki kike biya, daga asusun kasuwanci? Ba ni da wani asusun kasuwanci, kuɗi nake ƙirgawa in ba ƙanina a hannu. Kina karɓar takardar shaidar biyan haraji duk ƙarshen shekara? Ban ma san akwai ta ba. Lambar wa ke ofishinsu, wa suke aika wa saƙon tuni? Ta ƙanina, shi ne mai boko a gidanmu.

Ta ce, "Ki rubuta, ko ba don yau ba. Rasit ana yi masa fotokwafi ranar da aka karɓe shi. Kuɗin kasuwa daban, kuɗin cefane daban. Haraji ana biyansa ta banki da sunan kasuwar, ba a aike. In kuma dole sai an aika, a ƙarshen shekara ki je da ƙafarki ki karɓi shaida." Na ce, "Malama, ihu bayan hari ke nan." Ta ce, "Na sani. Na bincika, shekara biyun farko suna nan a na'urarsu, ukun ƙarshe ne babu. Ki turo mini ƙanin naki ya faɗa mini wane banki, wace rana, a ciro."

Ban so yadda ta ce "ƙanin naki" ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Akawu bai zo ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ya zo, amma gida, ba wajen aiki ba. Na tarar da shi a ɗakin Inna yana matsa mata ƙafa, tana ta sa masa albarka. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, da mata da 'ya'ya uku, amma a gaban Inna har gobe auta ne. Ni na goya shi. Ni na biya masa makaranta da kuɗin burodi tun Marigayi na da rai. Sunan Akawun ma ni na laƙa masa ranar da ya fara rubuta mana lissafi da jan biro.

Na ja shi tsakar gida na ce, "Wane banki kake biya?" Ya ce, "Haba Yaya, ai canzawa nake yi, duk inda layi bai da tsawo." Na ce to wane ne na bara? Ya ce sai ya tuna. Ya ce mutanen ofishin nan ɓarayi ne, na'urarsu kullum a lalace, kada in tayar da hankalina, yana da aboki a ciki. Yana magana yana kallon wayarsa.

Inna ta ɗago murya daga ɗaki, "Ke dai ki gode wa Allah da ya ba ki ɗan'uwa mai ilimi. Da ke kaɗai ce da sun cinye ki ɗanya." Na ce haka ne, Inna.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na safe

Saura sati biyu. Na ƙona tire huɗu da hannuna, ni da nake zagin wanda ya ƙona ɗaya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma wajen Malama ni kaɗai. Ta duba bayana, ta ga babu kowa. Ta riga ta je ofishin ta ciro adadin. Da ta rubuta a takarda ta turo gabana sai da na dafa tebur. Asalin harajin, in na matse, zan iya. Tara da kuɗin jinkiri ne suka ninka shi har ya haura ribar shekara guda.

Ta ce hanya biyu ce. Ta farko in biya duka kafin ranar ashirin da huɗu. Ta biyu, in dai wanda na aika ne ya karkatar da kuɗin, akwai fam da zan cike, in haɗa da rahoton 'yan sanda mai ɗauke da sunansa. To a nan za su iya yafe tarar, su yanka mini asalin in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na ce, "Shi kuma fa?" Ta ce, "Shi kuma ya zama nasu."

Na miƙe na ce ni ban zo nan a zagi danginmu ba, ƙanina ba ɓarawo ba ne, zafi ne ya cinye takarda, ba da bakinki kika faɗa ba? Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Zauna, Hajiya. Akwai dabara. Ki kunna dutsen guga, ki rage shi can ƙasa, ki shimfiɗa ƙyalle, ki ɗan gasa takardar ta baya. Za ta yi duhu, rubutun da ya gudu ya fito fari-fari. A hankali, in kika cika wuta ta tafi har abada. In lambar banki ta fito, magana ta ƙare, ni zan ba ki haƙuri."

Ta sa fam ɗin a cikin fayil ɗina. Na gani, ban cire ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Dutsen gugar yana nan. Yau aiki ya yi yawa.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau ma aiki ya yi yawa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na kulle ƙofar ɗakina na yi.

Na fara da na ƙasan gwangwani, tsofaffin. Na farko ya fito, tambarin banki, kwanan wata, sunan gidan burodi. Har na yi guɗa ni kaɗai. Na biyu haka, har na takwas. Na ce kin gani ko, Malama mai bakin reza.

Na tara da na gasa, babu tambarin banki. Sunayen ƙungiyoyin ƙwallo ne a jere, kowanne da lamba a gefensa, a ƙasa an rubuta abin da aka zuba da abin da za a ci. Ko ban yi boko mai zurfi ba na san takardar shagon caca, ina share irinta a ƙofar gidan burodi kullum. Na ce wataƙila kuskure ne, ta faɗa cikin aljihunsa. Na gasa na goma. Na gasa na sha ɗaya. Na gasa har na ashirin, don ni in na fara abu sai na ga ƙarshensa.

Goma sha biyu.

Abin da ke ci na shi ne na tuna yadda ake yi. Zai shigo ina gaban injin kwaɓi, hannuna duk fulawa. "Ka biya?" "Na biya, Yaya." Ya ɗaga takarda a nannaɗe daga bakin ƙofa. Ni kuma in ce, "Jefa a gwangwani." Sau goma sha biyu na ce jefa a gwangwani. Ban taɓa goge hannuna na karɓa ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba. Sannan na wanke fuska na kai wa Inna maganinta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Malama ta kira. "Sun fito?" Na ce na cika wuta, sun ƙone duka. Ta ce, "Allah ya kyauta. Fam ɗin dai yana wajenki har ranar Litinin."

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na yanke shawara: babban tanderu zan sayar. Shi kaɗai ne abin da kuɗinsa zai rufe ramin nan a kwana shida. In ya tafi, ƙaramin zai gasa kashi ɗaya cikin uku na abin da muke yi, kuma mutum bakwai ba za su ci abinci a kan kashi ɗaya cikin uku ba. Huɗu za su tafi.

Na kira Malam Dogo ofis na faɗa masa, don shekara goma sha tara ba wasa ba ce, ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Ya cire hularsa ya zauna a kan buhu. Ya ce, "Hajiya, in yi magana?" Na ce yi. Ya ce, "Duk wanda ke gidan nan ya san inda Akawu ke wuni. Shagon cacar yana bayan tashar mota. Mun ɗauka kin sani." Na ce, "Kuka kasa faɗa mini?" Ya ce, "Wa zai shiga tsakaninki da ƙaninki? Ranar da direba ya ce kuɗin mai bai cika ba, wa aka kora?"

Direban aka kora. Ni na kore shi.

Ya ce ya ji akwai hanyar da ba sai an sayar da komai ba, mai kemis ya gaya masa. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma Inna ba za ta kai wata guda ba in ta ji an rufe autanta, a kan takardar da ni na sa wa hannu. Ya ce, "Gaskiya ne. Mu ma dai muna da iyaye mata, Hajiya." Ya mayar da hularsa ya fita. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Akawu ya zo wajen aiki yau, karo na farko cikin sati biyu, da fara'arsa. Ya ji ina neman mai saye, wai ya samo mini wani mai buɗe sabon gidan burodi a ƙetaren gada, kuɗi hannu. Ban ce masa komai a kan takardun ba. Na ce a raina, ƙila wannan ce hanyarsa ta neman gafara, tunda bakinsa ba zai iya ba.

Mutumin ya zo ya duba, ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya leƙa ciki. Mun daidaita a kan kuɗin da zai biya ofishin haraji daidai, ya bar mini ɗan abin sallamar mutum huɗu.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sun kwance tanderun. Sai da aka fasa gefen ƙofa kafin ya fita, don da aka shigo da shi ba a gina bangon ba tukuna. Inda yake tsaye yanzu wani baƙin fili ne a siminti, har yanzu da ɗumi.

Na sallami mutum huɗu. Ɗaya matarsa na da tsohon ciki. Babu wanda ya zage ni, kowa ya ce Allah ya mayar da alheri. Dogo ba ya cikin huɗun, amma ya ce shi ma zai tafi, mai sayen ya yi masa tayi, babu wanda ya san halin tanderun nan sai shi. Na ce Allah ya ba da sa'a. Me zan ce?

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Kuɗin ya shigo. Bai cika ba, babu kashi ɗaya cikin goma.

Na kira mai sayen ina huci. Ya ce, "Ah ah, Hajiya, ai la'adar dillali ce. Ƙaninki ya ce kin sani, a cire daga ciki. Tun shekaranjiya na ba shi a hannu."

Ba ni da tanderu, ba ni da Dogo, kuma kuɗin bai kai ba. Malama ta ce ba sa karɓar rabi in ba da fam ɗin ba. Jibi Litinin.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Wayarsa a kashe.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je gidansa. Matarsa ta gan ni ta kwashe yara ta shige ɗaki, ita ma ta gaji, idonta ya nuna. Na zube masa takardu goma sha biyun a kan tabarma, baƙaƙe da farin rubutu. Na ajiye fam ɗin Malama a gefensu. Na ce, "Karanta, ai kai ne mai boko."

Na yi zaton zai musa, na shirya wa musu. Bai musa ba. Ya durƙusa ya kama ƙafata yana kuka kamar ranar da aka kai shi makaranta. Ya ce, "Yaya, wallahi na farkon aro na yi, na ce in ta ci in mayar kafin ki sani. Sau biyu saura wasa ɗaya, Yaya, wasa ɗaya tak." Na ce ban zo jin tarihi ba. Ina la'adar? Kawo ta yanzu, gobe da safe in kai, in yaga fam ɗin nan a gabanka, kuma kada ka sake taka gidan burodina.

Ya sa hannu a aljihu. Har zuciyata ta ɗan sauka.

Takarda ya ciro, sabuwa, rubutunta baƙi wuluk. Ya ce, "Duka na zuba, Yaya, don ke na yi. Wasa huɗu ne, uku sun riga sun ci jiya. Saura ɗaya, yau ƙarfe huɗu. In ta ci, harajin, da tarar, da tanderunki, har ki dawo da su Dogo. Riƙe a wajenki, don ki san ba zan taɓa ba."

Na ɗaga hannu zan mare shi. Ban san yadda aka yi ba, hannun ya sauko da takardar a cikinsa.

Lahadi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Fam ɗin yana kan gado, na cike komai sai layin suna. Biro yana kusa da shi. Inna tana ta tambaya daga ɗakinta me ya sa aka ɗauke mata rediyo.

Ni da ban san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ga ni a ƙasa, ƙofa a kulle, na manna kunne, wani yana ta ihun sunayen da ban taɓa ji ba. Har yanzu babu wanda ya ci. Allah ya yafe mini, addu'a nake yi.